Neman Lasifika, Ni da Kawu Garba

Asabar, Wurno, ƙarfe shida saura kwata

Na tayar da mota gari bai gama wayewa ba. Kawu Garba yana zaune a kujerar gaba da buta tsakanin ƙafafunsa, ya sa farar rigar da yake zuwa Idi da ita. Ban gayyace shi ba. Na fito sallar Asuba na same shi jingine da ƙofar motar, kuma a gidanmu ba a tambayar yayan mahaifiya ina za shi.

Bari in koma baya kaɗan, mai karatu ya ga yadda na jawo wa kaina. Sunana Bello, malamin Hausa ne ni a ƙaramar sakandare. Ina da tsohuwar mota wadda sifika ɗaya ce ta rage mata da rai, ta ƙofar direba, ita ma in an buga kalangu sai ta kama ziza kamar ƙudan zuma a gwangwani. Wata takwas ina tara kuɗi don in sayi sababbin sifikoki da amfilifaya, na'urar da ke ƙara musu ƙarfin sauti. Burina bai wuce in taso daga makaranta in sa kiɗan noma na tsofaffin makaɗa, in ji ganga tana bugawa a ƙirjina ba.

Ranar Alhamis a teburin mai shayi aka tambaye ni ina zan nufa Asabar. Samarin gari "sifika" suke cewa in ta mota ce. Ni kuwa shekara goma sha ɗaya ina ja wa wannan kalma layi da jan biro a littattafan ɗalibai, ina rubuta "lasifika" a samanta. Don haka na gyara zama na ce zan je sayen lasifika da amfilifaya. To a unguwarmu lasifika abu ɗaya ce, ƙahon da ke kan masallaci. Kafin in shanye shayina labari ya kai wa liman. Juma'a da Asuba, bayan sallama, liman ya ce a yi wa Malam Bello addu'a, ya yi niyyar saya wa masallaci lasifika. Sahu uku suka ce amin. Ni ma na ce amin, don ban ga wata kalma a kusa ba.

Da maganar ta tsaya nan da sauƙi. Kawu Garba shi ne ladanin masallacin tun ina goye. Na'urar kiran salla ta ƙone shekara uku da suka wuce, tun daga nan yake hawa dakali yana kira da maƙogwaro zalla. Mutanen bayan layi suka fara cewa ba sa ji, suna makara. Kwamitin masallaci ya kawo zancen a ba Malam Isa mai shagon taki, mutumin da in ya yi sallama a ƙofar gida ɗaya ake amsa masa daga gida uku. Kawu ya ce wuyansa lafiya lau, rashin na'ura ne. Kwamiti ya ce to, za a jira na'ura. Wato ladancin Kawu yana rataye da kuɗin da na yi niyyar zubawa a bayan kujerar motata.

Matata Hajara ta miƙo ƙullin hoce, gurasar dawa irin ta ƙasarmu, ta tagar wajena, ta sauke murya.

"Malam, ka hwaɗa mashi tun yanzu, tun ba ku yi nisa ba."

Na ce zan faɗa masa a hanya. Hanya ai tana da tsawo.

Hanyar Rabah

Agogon kilomita na motar ya daɗe da rasuwa, don haka mai son nisan tafiya sai ya yi haƙuri da agogon hannuna. Ƙarfe shida da rabi da minti biyar muka iso shingen farko. Na riga na fito da takardun mota, waɗanda na sabunta musamman saboda wannan tafiya. Jami'in ya leƙo ta wajen Kawu.

"Baba, ina zuwa da sassafe haka?"

"Rabah munka nuhwa, ɗana. Yaron ga za shi sai ma masallaci lasihika."

Jami'in ya janye katako da kansa, ya ce a sa shi a addu'a. Takarduna ko kallonsu bai yi ba. Haka aka yi a shinge na biyu, wajen 'yan sa-kai, inda har wani dattijo mai bindigar gargajiya ya dafa kaina ya ce Allah ya yawaita irina. Kafin mu kai Rabah labarin alherina ya shiga ƙaramar hukuma ta biyu, ni kuma ina ta amsa addu'a.

Na yi dabara sau ɗaya. Na kunna rediyo, sifikar ƙofa ta fara zizarta.

"Kawu, ka ji yadda take yi? Ita ma fa tana son gyara."

"Kashe ta, Ballo. Mota tahiya aka so gare ta, ba waƙa ba."

Na kashe. Muka ci hoce, ina kauce wa ramuka, wasu kuma ina gaishe su da taya.

Rabah, ƙarfe takwas da minti goma

Dalilin zuwana Rabah shi ne wani abokin aikina ya ce akwai mai wayarin mota, Sani, da ya cire kayan sauti daga wata mota da injinta ya mutu, kuma zai sayar da rabin kuɗin Sakkwato. Mun same shi ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, rabin jikinsa a cikin wata a-kori-kura. Na yi saurin riga Kawu fita, na ce masa ni ne mutumin Wurno da aka ce masa zai zo. Ya shiga shago ya fito da kwali.

Sifikoki huɗu ne: biyu zagayayyu na ƙofa, inci shida da rabi, biyu masu siffar ƙwai na baya, sai amfilifaya mai hanya huɗu, wato kowace sifika da layinta. A jikin kwalin an rubuta ƙarfinta, wat dubu uku, da jan rubutu ƙato. Na nuna masa ina murmushi.

"Malam, wanga rubutu don ido aka yin shi," in ji Sani. "Ƙaramin nan na ƙasa za ka duba, shi na na gaskiya. In ba ka gane ba, ɗauki abin ka ji nauyin maganaɗisu. Mai nauyi ba shi ƙarya."

Na ji daɗin gaskiyarsa, amma ita ce ta kashe cinikin. Ya koya mini in danna tsakiyar sifika da yatsu a hankali, in ta shiga ta fito shiru lafiya take. Na danna ta farko, shiru. Na danna ta biyu, sai ta yi ƙarar gogar yashi. Ɗaya mai ƙwan kuma an liƙe gefenta da gam. Na sunsuni amfilifayar kamar yadda ya ce, na ji ƙaurin wayar da ta taɓa cin wuta.

Muna cikin haka Kawu ya iso da butarsa. Ya ɗauki sifika ɗaya ya juya ta.

"Wanga mi na? Awa kwanon tuwo. Ina ƙahon?"

Sani ya dube ni. Na dubi dogon yaro. Mutumin kasuwa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani, nan take ya gane akwai abin da ba a faɗa ba, kuma ba shi zai faɗa ba.

"Baba, in ta masallaci kuka so, ba ni da ita. Ta ƙarshe wani mutumin Tursa yaɗ ɗauka. Sai dai Goronyo, gobe kasuwa."

Da za mu tafi ya raka ni har mota, ya ce a kunnena, "Malam, Allah shi hisshe ka." Ban san ko addu'a ce ko dariya ba.

Mun karya da waina da miyar taushe a bakin tasha, ta naira ɗari takwas ta ishe mu mu biyu. Ƙarfe tara da rabi muka juya.

Rabah zuwa Goronyo

Mai zuwa Goronyo daga Rabah a irin motata dole ya koma ta inda ya fito, ya wuce ta gefen garinmu. Ƙarfe sha biyu muka iso mararrabar Wurno. Na rage gudu na ce ko in sauke Kawu ya huta, ni in ƙarasa, tunda zafin bazara ba na dattijo ba ne. Na riga na tsara komai a raina: in sayo kayana ni kaɗai, in dawo in ce ƙaho ya yi tsada, sai wani watan.

"In koma hannu wohi? In ce ma kwamiti mi?" Ya gyara hularsa. "Tuƙa, Ballo."

Na tuƙa. Bayan rabin sa'a allurar zafi ta hau har ta kusa fita daga gilashi. Muka tsaya gefen wata gonar albasa da aka gama cira, na jira inji ya huce, Kawu ya ba da ruwan butarsa aka zuba wa mota. Ya ce ita ma tana cikin ladan tafiyar. Ƙarfe biyu saura minti goma muka shiga Goronyo.

Masauki

Mun sauka gidan Yohanna, ma'aikacin lafiya, mutumin Zuru, wanda muka zauna ɗaki ɗaya da shi a Sakkwato lokacin karatu. Na zaɓe shi ne domin shi ke kula da kayan sauti na cocinsu, ya san amfilifaya fiye da yadda na san nahawu. Ya shimfiɗa wa Kawu sabuwar tabarma, ya nuna masa gabas tun bai tambaya ba. Matarsa Rifkatu ta kawo tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifin madatsar ruwan Goronyo, irin wanda in ka ci sai ka yafe wa hanya.

Da Kawu ya tafi masallaci La'asar na ce zan biyo shi, na tsaya na kwashe labari na gaya wa Yohanna. Ya yi dariya har ya kama tari.

"Duk saboda 'la' ɗaya?"

"Ita ce daidai a ƙamus."

"To ƙamus ya ƙara maka kuɗi mana." Ya tambayi abin da ke aljihuna, na faɗa. Ya girgiza kai. "Ɗaya zai saya, Bello. Ko mota ko masallaci. Kuma kada ka ce za ka haɗa, amfilifayar mota ba ta da wurin sa makirufo, sifikar ƙofa kuma in ruwa ya taɓa ta sau ɗaya ta gama aiki."

Na ƙudurta bayan Magariba zan faɗa wa Kawu, ko me zai faru ya faru. Muka dawo daga salla muka zauna a tsakar gida, yana ta sharhin ladanin Goronyo, wai yaron yana da murya amma sauri yake yi kamar an biyo shi. Na buɗe baki ke nan sai ya shafa gwiwarsa.

"Ka san abin da nika tunani, Ballo? In anka ba Isa, ban san mi za ni yi da asuba ba. Shekara talatin da huɗu ba a taɓa tashe ni ba. Ni ka tashin mutane."

Na rufe bakina. Tausayinsa ya kama ni, haushin kaina kuma ya fi tausayin yawa.

Lahadi, kasuwar Goronyo

Ƙarfe tara muka shiga kasuwa mu uku, Yohanna ya fito daga sujadar farko ya same mu. Jakunan Giyawa sun tare hanya da buhunan gero, mutanen Kagara sun jibge albasa har tana sa hawaye daga nesa, 'yan babura kuma suna bi ta inda ƙafa ma ba ta samu wuri ba. Rumfar mai kayan wuta tana bayan 'yan kifi. Allah ya tsara ta yadda za ta gwada ni sosai: kayan mota a tebur na hagu, kayan masallaci a na dama.

Kawu ya yi dama kai tsaye. Ni ƙafata ta kai ni hagu ba da shawarata ba.

Ga su nan, kamar an aiko su da sunana. Biyu na ƙofa, biyu masu ƙwai, duk na hannu amma tsaf. Na ɗaga na ji nauyi. Na danna tsakiyarsu ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta yi ƙara. Yohanna ya juya amfilifayar ya nuna mini fis biyu a gefenta, 'yan abubuwan nan da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa, ya ce daga girman fis ake sanin ƙarfin gaskiya, wannan ba ta cika baki ba kuma ba za ta shanye batir ba. Sannan, don mugunta irin ta tsohon aboki, ya ce wa mai rumfa a gwada.

Aka haɗa da batir, aka sa waƙa daga wayata. Ganga ta faɗo. Na ji ta a ƙirji daidai inda na yi wata takwas ina son in ji ta. Kalangu ya fito shi kaɗai, muryar 'yan amshi ita kaɗai, har wata mai sayar da daddawa ta fara kaɗa kai. Ashe akwai wani ƙaramin kiɗa a ƙarƙashin waƙar da ban taɓa sanin yana nan ba. Bayan ja-in-ja mai rumfa ya tsaya a dubu tamanin da biyar, har da waya mai kauri. Kuɗina ya kai, har da ragowar na mai.

"Ballo, zaka ka gani."

Na waiwaya. Kawu ya rungume ƙaho mai ruwan toka, a ɗaya hannun kuma makirufo ne, yana goge shi da hannun rigar Idinsa. Na ƙarasa wajensa a hankali.

"Kawu, akwai maganar da nake son in faɗa maka tun jiya."

"Hwaɗi, ina jin ka."

Ya ɗago yana dubana, fuskarsa a sake, kamar yadda yake dubana ina ƙarami in na kawo masa allona. Na nemi kalmomin da na kwana ina shiryawa, ni da nake koyar da tsara jimla, na rasa ko ɗaya, sai na ji bakina yana cewa:

"Ƙaho biyu za mu saya, ba ɗaya ba. Don na bayan layi su ji."

Kada mai karatu ya ɗauka tsoron Allah ne zalla. Akwai shi, ina fata. Amma akwai kunyar sahu uku, akwai dattijon da ya dafa kaina a shinge, akwai kuma son tsohon nan da ban san ya kai haka ba sai a bayan 'yan kifi.

Amfilifaya biyu ce a teburin dama, duk masu aiki da batirin sola. Kawu ya nuna mai arha, ya ce kada a wahalar da yaro. Yohanna ya sa aka kunna ta, tana ƙugi tun ba a yi magana ba. Aka kunna ɗayar, shiru kamar ba a kunna ba, ya ƙyasta yatsa a bakin makirufo sai ƙarar ta fito tas. Na ce tunda an yi asara a yi ta da kyau, a ba mu mai tsabtar. Ƙaho biyu, amfilifaya, makirufo da waya suka tashi dubu tamanin da biyu. Da muka juya za mu fita na ji mai rumfa ya sake kunna kayan hagu wa wani saurayi mai hular sanyi a tsakiyar bazara. Ban waiwaya ba.

Komawa gida

Sha biyu saura minti ashirin muka yi sallama da Yohanna. Kawu ya riƙe hannunsa ya daɗe yana sa masa albarka. Ƙahonin suka hau kujerar baya, Kawu ya sa na ɗaura musu bel, abin da shi kansa bai taɓa yarda ya ɗaura ba. A shingen hanya wannan karon bai yi bayani ba, nuni kawai ya yi da babban yatsa zuwa baya. Ƙarfe ɗaya saura kwata muka shiga Wurno.

Mai gyaran wutar unguwa ya hau rufi bayan Azahar, bai sauko ba sai bayan La'asar. Aka tsayar da cewa Magariba za a fara. Tun rana ba ta faɗi ba ƙofar masallaci ta cika, 'yan kwamiti a gaba, mata kuma a bakin zaurukansu. Kawu ya yi alwala, ya shiga, ya tsaya gaban makirufo, ya sa yatsu a kunne.

Murya ta fita ta ƙaho biyu, ta bugi bangon makarantar firamare ta dawo. Kowa ya ji, har na bayan layi, har na bayansu. Kuma kowa ya ji duka: rawar da ke cikinta, numfashin da yake ja da ƙyar, da wurin da a da yake jan kalma har sai tsuntsaye sun tashi, yanzu ta tsinke masa a tsakiya sai da ya sake ɗauka. Tsohuwar na'ura ƙuginta ya sha rufe masa asiri, shekara ukun da babu na'ura kuma ba mai jin sa sai na kusa, su ma ba za su faɗa ba. Shi kansa bai taɓa jin ta daga waje ba sai yau, da bango ya mayar masa da ita. Ya kai kiran har ƙarshe. A ƙofar masallaci ba wanda ya dubi wani.

Bayan salla liman ya yi mini doguwar addu'a, aka yi ta miƙo hannu. Kawu bai tashi daga inda yake ba. Sai da mutane suka ragu ya jawo makirufo, ya naɗe wayarsa a hankali, ya kira Malam Isa.

"Isa, Lisha taka ta. Da Asuba, da sauran."

"Haba Baba Ladan, wa yac ce haka? Ba wanda yay yi magana."

"Ba sai an yi ba. Na ji da kunnena. Riƙa."

Na raka shi gida a ƙafa. A bakin zaurensa ya tsaya ya dafa kafaɗata.

"Allah shi yi maka albarka, Ballo. Kaya masu kyau kas sawo." Ya sauke hannunsa. "Da ta banzan nan kaɗ ɗauka, da na daɗa shekara biyu."

Na jira ya yi dariya, bai yi ba. Ya shiga gida.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya a hanyar da ba kowa ke samun haka ba. Ina gode wa Sani na Rabah da ya riƙe bakinsa, da Yohanna da Rifkatu da suka karɓe mu kamar 'yan gida, da Hajara da har yau ba ta ce "ai na faɗa maka" ba, ko da yake ina ganin maganar a idonta. Ni kuwa an yi mako guda ana gode mini a hanya, kuma ban taɓa ɗaukar godiya mai nauyin wannan ba.

Unguwa ta daina makara. Kawu yana riga Malam Isa zuwa masallaci kullum, ya zauna a sahun farko, can gefen dama. In an fara kira, daga inda nake zaune ina ganin leɓɓansa suna motsi.